Gajiyar Da Ba Ta Fitowa A Hoto

A Kano aka haife ni, a gidan ɗan kasuwar Kantin Kwari. Baba atamfa da leshi yake sayarwa, kuma kullum bayan Isha'i sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya buɗe littafin bashi. Tun ina aji huɗu na firamare ni ce mai tara masa lissafi. Yana karantowa ina haɗawa a ka, kafin yayana ya gama latsa kalkuleta na faɗi jimla. Baba yakan ce da Inna, "Wannan da namiji ce da na buɗe mata shago." Ba a buɗe min shago ba, amma an bar ni na yi karatu. Na karanta lissafi a Jami'ar Bayero, aure ya kai ni Sakkwato, na samu aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Na kawo wannan ne don a san abin da nake tinƙaho da shi. Ba ni ce kyakkyawar gidanmu ba, ban iya kitso ba, girkina ma daidai gwargwado ne. Kaina shi ne jarina.

A 2014 na haifi 'yata ta fari, aka mayar da ni Kano wankan gida. Duk macen da ta yi jego a ƙasar Hausa ta san abin da ake nufi: ruwa ya tafasa, Goggo ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa miki safe da yamma, a biyo da kunun kanwa. Ana cikin mako na uku idona na dama ya fara ciwo in na juya shi. Sai gani ya dusashe, jan zanen goyo na ga ya koma ruwan ƙasa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duk lokacin da aka gama wankan, idon sai ya ƙara rufewa, ƙafafuna su saki, sai an kama ni zuwa ɗaki. In na kwanta jiki ya huce, sai abin ya lafa. Goggo ta ce sanyi ne ke fita, a ƙara wa ruwan wuta. Bisa iliminta ta yi, kuma ƙauna ce ta sa ta yi. Kafin mu yi arba'in ganin ya dawo da kansa, kowa ya ce wanka ya yi aiki.

Shekarun da suka biyo baya ba sai na tsaya kansu ba. Wani lokaci tafin ƙafata ya mutu na wasu makonni, ya dawo. Wani lokaci in na sunkuyar da kai a ruku'u sai na ji wani abu ya ja ni daga wuya har gadon baya, irin jan wutar lantarki. An yi min maganin maleriya da taifot har na daina ƙirgawa. An yi tofi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya, kuma ban raina ko ɗaya ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Wani likita ya taɓa ambatar sunan wata cuta a gabana, sai ya girgiza kai ya ce wannan ta Turawa ce, ba ta kama mu.

Amma gajiyar ce ta fara ɓata min suna. Ina so a fahimce ni a nan, domin kowa yana gajiya, kuma da zarar na ce gajiya sai mai saurare ya tuna tasa. Na san gajiyar aiki, na san ta raino, na san ta azumi. Waɗannan barci yana maganinsu. Wannan kuwa sai in yi barcin dare cikakke in tashi da ita. Tana zuwa ne ba sallama, galibi daga hantsi zuwa La'asar. Ina tsaye ina yanka albasa sai in ji ɗaga wuƙar ya zama aiki, amsa sallama ya zama aiki, ko yanke shawarar miyar da za a yi ya gagare ni. Babu inda ke ciwo da zan nuna. Mace a gidan miji, jikinta ɓul-ɓul, ba zazzaɓi, ba rama, ta kwanta da rana tsaka tukunya na jiranta, me za a kira ta? Hajiya, mahaifiyar maigidana, mace ce mai kirki da kawaici, amma wata rana na ji ta ta taga tana ce wa ƙanwarta, "Yaran boko ke nan, son jiki ya yi musu yawa." Ban ga laifinta ba. Ni kaina na fara zargin ko hakan ne.

Cikin ɗana na biyu, a 2017, shi ne lokacin da na fi jin daɗin jikina, har na ɗauka an rabu. Watanni biyu da haihuwa ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa, ina tafiya ina jan ta, fitsari ya fara kufce min. A nan ne maigida ya ce ya isa. Muka je Kano wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya saurari labarin tun daga idon nan na jego, bai katse ni ba, sannan ya rubuta a yi min hoton MRI na kai da laka. Kuɗin hoton sai da na sayar da sarƙar gwal ɗin lefena.

Ga wanda bai taɓa shiga ba: na'ura ce mai katon maganaɗisu, ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Sai an cire duk wani ƙarfe, 'yan kunne, awarwaro, har fil ɗin ɗankwali. A kwantar da ke, a sa miki wani keji a kai, a tura ki cikin rami mai ƙunci, a ce kada ki motsa. Sai ƙara ta fara, bugu iri-iri, wani ya tsaya wani ya ɗauka. Can tsakiya aka fito da ni aka yi min allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam a jijiya, aka mayar da ni. Na rufe ido na yi ta jan Hasbunallahu har aka gama.

Da likita ya ɗora hoton a allon kwamfuta, ya nuna min fararen tabo warwatse a cikin ƙwaƙwalwa. Wasu sun jeru a gefen ramukan ruwan da ke tsakiyar kai, sun miƙe tsaye. Ya ce ana kiransu yatsun Dawson, da sunan wani likita ɗan Sikotlan da ya siffanta su tun 1916. Biyu daga ciki sun sha allurar sun yi haske, alamar sababbi ne, wutarsu na ci. Sauran tsofaffi ne. Akwai ɗaya a lakar wuya, shi ne mai jan nan na ruku'u. Ya ce wannan shi ne abin da ake nema: tabo a wurare daban-daban, waɗanda suka faru a lokuta daban-daban. Duk da haka bai yanke hukunci ba sai da aka ɗebi ruwan bayana aka gwada, aka kuma aika jinina don a kore wata cuta mai kama da ita da ke kama jijiyar ido da laka, wadda ya ce ta fi yawa a tsakanin baƙar fata kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A farkon 2018 ya faɗa min sunan: maltiful sikilerosis, ana taƙaita shi da MS.

Bayaninsa shi ne garkuwar jikina ce ta juya tana cin wani farin kitse mai suna mayelin da ke lulluɓe da zaren jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. In kitsen ya zaizaye, saƙo sai ya yi jinkiri ko ya tsaya. Da na ba shi labarin wankan jego sai ya jinjina kai. Ya ce tun 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Wilhelm Uhthoff ya lura cewa in jikin mai wannan cuta ya ɗumama, gani yakan dusashe na ɗan lokaci, kuma kafin zuwan MRI likitoci kan sa mutum a ruwan zafi da gangan don su gane ko ita ce. Ya ce watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da cutar ke yawan tashi. Wato abin da Goggo ke yi min safe da yamma gwajin asibiti ne na zamanin da, babu dai mai karanta sakamakon. Ya ƙara da cewa zafin ba ya haifar da sabon tabo, tsohon rauni yake tonawa. Wannan ya sanyaya min rai, don ban so a ce hannun Goggo ya yi min illa ba.

Mutane sukan ce ranar da aka faɗa musu cutarsu ita ce rana mafi muni. Ni dai abin da na fara ji shi ne sauƙi. Na samu shaida. Na rungumi ambulan ɗin nan mai faɗi har Sakkwato, na zaro hoton na ɗaga shi a hasken ƙofa na nuna wa Hajiya tabon ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe da gaske kike, 'yar nan. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce." Daga ranar ta hana ni shiga kicin da rana. Na kai wa shugabar makarantarmu, na nuna wa 'yan uwa. Duk wanda ya ga fararen ɗigon nan sai jikinsa ya yi sanyi. Hoto ya yi min abin da bakina ya kasa yi shekara da shekaru.

An yi min ƙarin ruwa na maganin kumburi mai ƙarfi, methylprednisolone, na 'yan kwanaki, ƙafar ta dawo kusan daidai. Daga baya aka ɗora ni a kan rituximab, wanda ake sawa ta jijiya duk wata shida bayan an tabbatar ba ka da ciwon hanta nau'in B. Aikinsa rage wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hura wutar cutar. Tsadarsa ba a magana. Albashina da na maigida da taimakon yayana duk sun shiga ciki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da cladribine da glatiramer, a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada saboda wannan cuta. Na yi murna da labarin, ko da yake murnar ba ta rage ko kwabo a abin da muke biya ba. Maganin dai ya yi aiki. Tun da na fara shi ido bai sake rufewa ba, ƙafa ba ta sake mutuwa ba.

Hoto na gaba, likita ya ce babu sabon tabo. Wanda ya biyo baya ma haka. Aka yi ta hamdala, Inna ta yi sadakar waina, dangi suka fara cewa na warke. A nan ne wahalar da nake son ba da labarinta ta soma, domin a daidai lokacin da hoto ke cewa lafiya lau, ni na san ina raguwa.

Gajiyar ba ta je ko'ina ba. Sai kuma wani abu ya ƙaru da na kasa faɗa wa kowa. Ina gaban allo a aji shida, ina tsakiyar warware wani lissafi da na koyar ba adadi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, daga ina aka samo huɗun nan?" Na juya na amsa mata, na juyo ga allo, sai na tarar ban san inda nake ba. Rubutuna ne, hannuna ne, amma zaren ya tsinke. Sai da na koma layin farko na biyo a hankali, 'yan mata sun yi tsit suna kallona. Ba ilimin ne ya gudu ba, yana nan. Sauri ne ya tafi, da iya riƙe abu biyu a lokaci guda. In mutum biyu suna magana a ɗaki, ba na jin ko ɗaya. A gidan biki sai in zama kurma alhali kunnena garau. Kalma tana bakina, na san ta, na san harafin farkonta, ta ƙi fitowa sai bayan an wuce wurin. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Na je kasuwa mai tumatir ya ba ni canji, na tsaya ina juya kuɗin a hannu na kasa tabbatar ko daidai ne, ni da nake tara littafin Baba a ka.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne salla. Sai in tsaya a raka'a ban san ta biyu ce ko ta uku ba. Kowa yana rafkanwa, shi ya sa aka yi ƙabli da ba'adi, amma ni abin ya zama kusan kowace Azahar da La'asar. Na yi kuka a kan sallaya ba sau ɗaya ba, ina tunanin ko imanina ne ya yi rauni, ko kuwa hauka ce ke sallama.

Da na gwada yi wa maigida bayani, sai ya ce, "Haba Malama, likita fa ya ce hoton ya yi kyau. Ki daina sa wa ranki damuwa." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma na gane cewa shaidar da na kafa ta juya min baya. Na koya wa kowa ya gaskata hoto, to ga hoto ya ce babu komai. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai dai na lura an daina hana ni shiga kicin. Wata 'yar uwarsa kuma ta fara zancen cewa gida yana bukatar mai taimako, kowa ya san irin taimakon da take nufi. Na shiga wani hali na shiru. Na rage zuwa cikin mutane don kada a ga ina laluben magana.

Ranar da na koma asibiti, likitan ya buɗe fayil ya ce komai yana tafiya daidai, har ya ɗauki biro zai rubuta ranar dawowa. Na ce, "Likita, don Allah ka ajiye hoton nan ka saurare ni." Na faɗa masa zancen allo, da canji, da salla. Ya ajiye biron. Abin da ya faɗa min a zaman nan ya fi duk wani magani da na sha amfani.

Ya ce gajiya tana cikin alamomin da suka fi yawa a wannan cuta, kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na masu ita suna fama da ita, da yawa kuma suna cewa ita ce ta fi hana su rayuwa. Matsalar tunani kuwa tana samun kashi 40 zuwa 65 cikin ɗari, kuma abin da ta fi taɓawa shi ne saurin sarrafa bayani, sai tuna sabon abu, sai mayar da hankali. Ba sabon gano ba ne: Jean-Martin Charcot, likitan Faransa da ya fara siffanta cutar a birnin Paris a 1868, shi ma ya lura da raunin tunawa da jinkirin tunani a majinyatansa. Sannan ya ce likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan tabon da ake gani a hoto ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yadda mutum yake ji. Wani kansa cike da tabo yana harkokinsa, wani tabonsa kaɗan ne amma ya kasa aiki.

Dalilin, in ji shi, hoton da ake yi mana na yau da kullum ya ƙware ne wajen ganin tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa. Tabon da ke ɓawon ƙwaƙwalwa, sashen toka-toka inda ake ainihin tunani, yawancinsa ba ya fitowa. Wuraren da suke kama da lafiyayyu a hoto ma sau da yawa akwai lahani a zarensu. Akwai kuma ƙanƙancewa: ƙwaƙwalwar kowa tana raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru, wajen kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari a shekara, amma ta mai MS tana iya raguwa da kashi 0.5 zuwa 1. Ido ba ya kama wannan daga hoto ɗaya zuwa na gaba, sai an auna da manhaja ta musamman. Ya nuna min wani wuri a can tsakiya mai suna talamas, matattarar da saƙonni ke bi, ya ce bincike ya nuna raguwarsa tana da alaƙa da jinkirin tunani fiye da ƙirgen tabo. Akwai kuma wani nau'in MRI da masu bincike ke amfani da shi don ganin sassan da ke aiki yayin da mutum ke tunani, kuma an ga masu cutar suna kunna wurare da yawa don yin aikin da mai lafiya ke yi da kaɗan. Ya ce, "Kin san in an rufe titin Zariya, ai ba fasa tafiya ake yi ba, lunguna ake bi. Za ki isa, amma a makare, kuma man da kika ƙona ya ninka." Ya ce wannan bayani ne da masana da yawa ke ganin yana da hannu a gajiyar, ko da yake ba shi kaɗai ba ne.

Sai ya ɗauko wata takarda. A samanta alamomi tara ne, kowace an haɗa ta da lamba daga 1 zuwa 9. A ƙasa layukan alamomin ne a cakuɗe, aikina in faɗi lambar kowace, iya yawan da zan iya cikin daƙiƙa 90. Na yi murmushi a raina, malamar lissafi da wasan yara. Aka fara. Idona ya hau sama ya sauko, ya hau ya sauko, kowace alama sai na koma na duba. Da ya ce lokaci ya cika, ya lissafa, ya ce amsoshina duk daidai ne, amma yawansu ya yi ƙasa da abin da ake sa rai ga mai shekaruna da karatuna. Na fita na zauna a benci na yi kuka mai yawa. Rabin kukan baƙin ciki ne, an tabbatar min jarina ya taɓu. Rabi kuma na samun sauƙi ne, domin ba hauka ba ce, ba raunin imani ba ne, abu ne da ake aunawa a rubuta a fayil. Takarda ɗaya da agogo sun ga abin da na'urar da ta ci sarƙata ba ta gani ba. Ina mamakin yadda gwajin da bai kai minti biyar ba, ba ya cin ko sisi, sai majinyaci ya yi ƙorafi kafin a tuna da shi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce kafin a ɗora wa MS laifin komai sai an duba abokan tafiyarta. Aka gwada jinina aka samu ya yi ƙasa, aka duba maƙoƙo aka ga lafiya. Ya tambayi barcina, ashe tashin fitsarin dare yana yanka min shi gunduwa-gunduwa. Ya yi min tambayoyi kan halin zuciyata, ya ce akwai ciwon damuwa a tare da ni, kuma yana yawan zuwa da wannan cuta, yana ƙara gajiya da mantuwa. An yi maganin waɗannan, na samu sauƙi na gaske, amma ba duka ba. Mun gwada amantadine don gajiyar, ban ga wani bambanci ba. Ya faɗa min gaskiya cewa wani gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2021, ya kwatanta amantadine da modafinil da methylphenidate da ƙwayar da babu magani a cikinta, bai ga sun fi ta ba. Na ji daɗin da bai ruɗe ni ba.

Na roƙe shi ya maimaita wa maigida bayanin da bakinsa, ya kuwa yi. A mota muna komawa maigida ya yi shiru har muka wuce Gusau, sannan ya ce, "Ki yafe min, ban sani ba." Zancen mai taimako bai sake tashi a gabana ba.

Abin da ya rage sai sake tsara rayuwa, kuma a Sakkwato wannan yana nufin yaƙi da rana. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga wuta ba tabbas. Na nemi a mayar da darussana na safe, aka yi min. Na sauka daga aji shida na koma ƙananan azuzuwa. Wannan shawarar ta yi min ciwo ƙwarai, don shirya 'yan mata jarrabawar fita shi ne abin alfaharina, amma na ga bai kamata yarinya ta rasa maki saboda malamarta na laluben layi ba. Na daina zuwa makin takardun jarrabawa. Yanzu kowane darasi sai na rubuta matakansa a kati, na kuma koya wa ɗalibaina su riƙe tambaya sai na kai ƙarshen layi. Girkin rana da sassafe nake yin sa. Bayan Azahar ina kwanciya, ko baƙi ne a gidan, na daina jin kunyar hakan. Ina jiƙa mayafi in yafa, ina shan ruwan randa ko na ƙanƙara in an samu. Bayan Asuba nakan taka a tsakar gida. Da farko na ɗauka motsa jiki zai ƙara min gajiya, sai na ga akasin haka, in dai ban wuce gona da iri ba. Maganar salla kuwa, malaminmu na Islamiyya ya ce wanda shakka ta zame masa jiki ba a ɗora masa abin da ake ɗora wa mai rafkanwa jefi-jefi, ya koya min hukuncin, hankalina ya kwanta.

Azumi ma sai da na yi tambaya. Akwai shekarun da Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma ƙishirwa da zafi suna kwantar da ni warwas, har magana ta riƙa sarƙe min. Malam ya ce Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Ranakun da na kasa nakan sha, in rama da hunturu. Cin abinci a ɓoye a ɗaki alhali yarana na azumi ba ƙaramin abu ba ne a zuciya.

'Yata ta girma har ta fara tambaya ko ita ma za ta kamu. Na tambayar mata. Ba a ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum, kuma ba gado ba ce kai tsaye; cikin yara ɗari da mahaifi ɗaya ke da ita, waɗanda ke samu ba su kai biyar ba. Ta fi kama mata, aƙalla ninki biyu na maza, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ƙididdigar 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke da ita a duniya. Gaskiya ne ta fi yawa a ƙasashen sanyi, amma inda na'urar hoto da likitocin jijiya suka yi ƙaranci, wa zai ƙirga irina da ake yi wa maganin taifot? A 2022 masu bincike na Jami'ar Harvard, bayan bin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, sun nuna haɗarin kamuwa yana ninkawa sau 32 bayan shigar ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba. Inna ta fi kowa jin daɗin wannan bayani, don ta daɗe tana zargin wata maƙwabciya da hannu a ciki.

Har yanzu ina yin hoton, kuma ba na raina shi. Shi ne ke nuna ko magani yana tare sababbin tabo, wasu ma suna fitowa ba tare da mutum ya ji komai ba. Sai dai yanzu in na shiga wajen likita da littafina nake shiga, inda nake rubuta lokutan da gajiya ta fi tsanani, da abin da na manta, da abin da na kasa yi a aji. Ana maimaita min gwajin daƙiƙa 90 ɗin nan duk shekara. Bara sakamakon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba.

Bana kuɗin da muka tara ba zai ɗauki hoto da sola a lokaci guda ba. Maigida yana son a yi hoton, don shi har gobe hankalinsa ya fi kwanciya in ya ji an ce babu sabon tabo. Ni kuwa fanka da firji nake so kafin bazara ta shigo. Muka kai maganar gaban likita, ya duba ya ga shekaru ke nan cutar ba ta tashi ba, ya ce a halin da nake ciki ana iya jinkirta hoton wasu watanni, da sharaɗin in na ji wani sabon abu a ido ko ƙafa in zo ba tare da jiran rana ba. An kafa solar a watan jiya. Hoton kuma mun sa shi bayan Babbar Salla, in Allah Ya kai mu.